Wai me ake nufi da DCT, gwajin magani daga gida?

Yadda aka saba in za a gwada sabon magani a kan mutane, wanda ya shiga gwajin shi ke zarya zuwa asibiti ko cibiyar bincike, a ɗebi jininsa, a auna shi, a ba shi magani, bayan sati biyu ya sake dawowa. To shi DCT ɗin nan, wato decentralised clinical trial a Turance, an ɗauke wasu daga cikin ayyukan ne, ko ma dukkansu, an kai su inda mutum yake. A turo maka maganin har gida, nas ta zo ta ɗebi jini ko ka je lab mafi kusa da kai, likita ya gan ka ta bidiyo, takardar amincewa ma a waya za ka karanta ka sa hannu, wani lokaci har agogo za a ba ka mai auna bugun zuciya yana tura bayanai da kansa.

Abin da ke damuna shi ne sunan, kowa da nasa. Wasu su ce gwajin nesa, wasu gwajin da ba cibiya, wasu kuma bachuwal (virtual a Turance), kuma wannan na ƙarshen shi ya fi rikita mutane, don ana amfani da shi ga gwajin da kwamfuta ke kwaikwayo ba tare da mutum ko ɗaya ba. A DCT kuwa mutum ne na gaske ke haɗiyar ƙwaya ta gaske, in ta yi illa a jikinsa za ta yi. "Ba cibiya" ma ba daidai ba ne, dole akwai likitan da alhakin lafiyarka ke wuyansa.

Abin ba sabo ba ne fa. Tun 2011 kamfanin Pfizer ya yi gwajin REMOTE a Amurka kan maganin matsalar yawan fitsari, kusan komai ta intanet, sai dai ba su samu isassun mutane ba. Korona ce a 2020 ta tilasta, da zuwa asibiti ya gagara. A Birtaniya gwajin PANORAMIC na Jami'ar Oxford ya ɗebi mutum sama da 25,000, ana aika wa kusan rabinsu maganin korona mai suna molnupiravir har gida.

Mafi yawan gwaje-gwajen gauraye ne, wani abu a gida wani a cibiya, don ba za a kawo maka injin sikanin cikin ɗaki ba. Shi ya sa Tarayyar Turai a takardarta ta Disamba 2022 ta yi magana a kan ɓangarorin da aka fitar daga cibiya, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ma da ta kammala nata ƙa'idojin a Satumba 2024 haka ta gyara taken. Ni dai wannan ya fi kwanta min a rai, a faɗa wa mai shiga ƙarara wane aiki ne a gida, wanne a asibiti, kuma wa zai kira in jiki ya rikice da tsakar dare.