Cajin manyan motocin dakon kaya masu lantarki

Cajin manyan motocin dakon kaya ya ƙunshi tashoshi, wayoyi da na'urorin da ke ba tireloli masu aiki da batir wutar lantarki. Batirin irin wannan mota kan haura kilowat-awa 500, don haka cajar ƙaramar mota ba ta wadatar da ita a tafiya mai nisa.

Tarihi

Gwajin da ya fara jan hankali a Turai shi ne na shimfiɗa waya a saman titi. A shekarar 2016 aka buɗe wani yanki mai tsawon kilomita 2 a babbar hanyar E16 kusa da birnin Gävle na ƙasar Suwidin, da haɗin gwiwar kamfanonin Siemens da Scania. Motar tana ɗauke da wani hannun ƙarfe a saman kanta, wanda ke miƙewa ya taɓa wayar kamar na jirgin ƙasa mai lantarki. Da zarar direba ya karkata zai wuce wata mota, sai hannun ya sauka, motar ta ci gaba da injinta ko batirinta. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin mota na shan wuta tana tafe.

Jamus ta bi sahu a watan Mayun 2019 a hanyar A5 kusa da Frankfurt, daga baya aka ƙara A1 kusa da Lübeck da kuma B462. An kammala waɗannan gwaje-gwaje wajajen ƙarshen 2024. Wasu sun ce tsadar aikin ta yi yawa, wasu kuma na ganin gajartar hanyoyin ce ta hana a ga amfaninsu.

Tashoshin caji

Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. A cikin wannan hutu ake so batir ya samu cajin da zai kai mota zango na gaba. Ƙungiyar CharIN, mai tsara ƙa'idojin cajin motoci masu lantarki, ta gabatar da MCS a 2022, wato tsarin caji mai sauri na manyan motoci, mai iya kaiwa megawat 3.75. A shekarar ce kamfanonin ƙera manyan motoci Daimler Truck, Traton da Volvo suka kafa kamfanin tashoshin caji na Milence, wanda ya buɗe tasharsa ta farko a Venlo ta ƙasar Holan a 2023. Babban cikas shi ne jinkirin haɗa tashoshi da babban layin wuta.

A ƙasar Sin, musayar batir a tasha ta samu karɓuwa, musamman a ma'adinai da tashoshin jiragen ruwa.