Yuliyas Kaisar Bai Taɓa Zama Sarkin Rum Ba

An daɗe ana cewa Yuliyas Kaisar ne sarkin daular Rum na farko. Ba abin mamaki ba ne, tunda sunansa ne ya koma laƙabin sarakunan da suka biyo baya.

Amma shi janar ne da ya ci Gaul (yankin da ya haɗa da Faransa ta yau) da yaƙi, majalisar dattawa ta ba shi cikakken iko na dikteta. Rumawa sun tsani kalmar sarki, har a bainar jama'a ya ƙi karɓar kambi. An kashe shi ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Magajinsa Augustus ne ya fara sarautar a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ku duba hotunan sulallan Yuliyas Kaisar a intanet, za ku ga "DICT PERPETVO", wato dikteta na dindindin. Don Allah ku tura wa 'yan uwa wannan bayani.