Tafiya ƙetare da motar kwana: izininka daban, na motarka daban

Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko daga Daura zuwa Damagaram ta Kongolam, mutanenmu ba su cika ɗaukar wannan a matsayin fita waje ba. Zumunci ne da kasuwa, a je a dawo. Amma wanda ya cire kujerun bas ɗinsa, ya shimfiɗa katifa, ya kafa tukunyar gas da faifan sola a sama, da niyyar yin watanni yana zaga Nijar da Benin har Togo, nasa lissafin daban ne. A wurinsa gida ce. A wurin kwastan kuwa haja ce da aka shigo da ita ƙasa ba a biya mata haraji ba.

Mu fara da kai. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza, ya zauna har kwana 90. In zai wuce haka, sai ya nemi ƙarin izini kafin wa'adin ya cika. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. Sun dai ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba biza, amma sun riƙe ikon hana wanda suka ga dama. Don haka ka tafi da fasfo mai sauran rai, ka kuma tsaya a buga maka hatimin shiga ko da wani ya ce "wuce kawai, Alhaji". Wannan hatimin shi ne kaɗai shaidar ranar da kwanakinka suka fara. Katin riga-kafin shawara ma ana tambaya. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Batun motar ya fi ba ni tsoro, don nan ne ake asarar dukiya. A bakin iyaka jami'an duwan, wato kwastan, za su ba ka takardar shigar da mota ta wucin gadi, wadda direbobi ke kira lesefase. Ma'anarta alkawari ne: na shigo da ita, zan fita da ita kafin rana kaza. Ranar nan ba lallai ta zo ɗaya da kwana 90 ɗinka ba, tana iya gaza su nesa ba kusa ba. Ka karanta ta tun kana gaban tebur, in Faransanci ya gagare ka a karanta maka. Idan ta ƙare motar tana ciki, ana iya tsare ta a ci ka tara. Sayar da ita a can ba tare da biyan haraji ba kuwa fasa-ƙwauri ne. Ranar fita ka miƙa takardar a rufe ta, kada a bar littafi yana nuna motarka ba ta fita ba. In takardun motar ba sunanka suke ɗauke da shi ba, ka riƙe rubutaccen izinin mai ita.

Sai inshora. Tsarin Brown Card, wanda aka kafa a Kwatano a 1982, shi ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a wata ƙasar. Tun Janairun 2023 NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta haɗe shi cikin inshorar dole ta Najeriya, lokacin da kuɗin inshorar motar da ba ta haya ba ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Ka sayi ta gaske daga kamfani mai rajista, ba irin wadda ake bugawa a gindin bishiya ba, ka karɓi katin a hannu, ka sa kamfanin ya tabbatar maka da ƙasashen da yake aiki a cikinsu. Ka kuma sani ba ya biyan motarka, balle firij da batir da kayan da ke ciki. Waɗannan sai da inshora ta daban.

Mai niyyar wuce Afirka ta Yamma zai buƙaci lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wasu ƙasashen kuma sai da kundin Carnet de Passages, wato takardun kwastan na shigar da mota ta wucin gadi, wanda yawanci shekara guda yake yi kuma ana ajiye kuɗin jingina kafin a bayar. A gida ake neman su tun kafin a tashi, ba a bakin iyaka ba.