Kalmar "khali" ta harshen Telugu da ma'anoninta a Ingilishi: tambayoyi da amsoshi

Wane harshe ne Telugu, kuma wace kalma ake nufi?

Telugu harshe ne na kudancin Indiya daga dangin harsunan Dirabidiya, kuma shi ne harshen hukuma a jihohin Andhra Pradesh da Telangana. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna cewa mutum fiye da miliyan 81 ne suka buɗe baki da shi. Kalmar da masu harshen suka fi amfani da ita wajen bayyana abin da babu komai a cikinsa ita ce ఖాళీ, wadda ake rubutawa "khali" da baƙaƙen boko, ana jan wasulanta duka biyu.

Me ya sa ƙamus ke jera mata ma'anoni da yawa a Ingilishi?

Dalili shi ne Ingilishi ya rarraba wa kalmomi huɗu ko biyar aikin da Telugu ya ɗora wa kalma guda, don haka sai an dubi sunan da ke biye da ita kafin a san wadda ta dace. Idan tulu ne ko kwalba ko aljihu, wato abin da aka yi domin a zuba wani abu a ciki amma aka same shi wayam, Bature zai ce "empty". Idan takarda ce da alƙalami bai taɓa ba, wadda ake kira "khali kagitam", sai ya ce "blank", kalmar da ya aro daga Faransanci inda asalinta ke nufin fari. Idan kuwa ɗakin haya ne da ba mai kama shi, ko fuloti da ba a yi gini a kai ba, ko kujerar aiki da ke jiran a ɗauki ma'aikaci, to "vacant" ce ta dace, kuma jam'in kalmar, "khalilu", shi ne jaridun Telugu ke bugawa a tallar guraben aiki, abin da Ingilishi ke kira "vacancies".

Wannan jam'in yana fitowa a takardar jarrabawar ɗalibin firamare. A saman tambayoyin za a rubuta "khalilanu purinchandi", ɗalibin ya ga jimla an yanke mata kalma an ja layi a wurin, ya san ana so ya rubuta abin da ya ɓata. Shi ne "fill in the blanks" na Ingilishi, kuma shi ne "cike gurbi" na malamin Hausa. Abin lura a nan shi ne Hausa ta yi daidai da Telugu, domin gurbi ɗaya ne ke ɗaukar layin jarrabawa da kujerar aiki, alhali Ingilishi ya raba su gida biyu.

A ina mai fassara ya fi yin tuntuɓe?

A inda kalmar ta hau kan mutum ko kan lokaci. Mai Telugu kan ce "khaliga unnanu", ma'ana ba ya cikin wani aiki yanzu. Wanda ya ɗauki ma'anar farko da ya gani a ƙamus zai fassara ta da "I am empty", jimlar da Bature zai ji kamar mai ita na kukan cewa zuciyarsa ta mutu ko ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ake nufi shi ne "I am free", idan mutum ya samu sarari ne kawai, ko "idle", idan zaman kashe wando ake zarginsa da shi, wani lokaci ma "unemployed". Haka "khali samayam" ke zama "free time" ko "leisure". Akwai kuma aikatau "khali cheyu": idan guga ne a ce "to empty", idan gida ne mai haya zai kwashe kayansa ya bari, sai a ce "to vacate". A ganina wannan ne ya sa jerin ma'anoni ba tare da jimlolin misali ba ba ya amfanar ɗalibi sosai, domin yana ba shi makullai biyar bai faɗa masa ƙofar kowanne ba.

Shin kalmar asalin Telugu ce?

A'a, baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Asalinta Larabci ne, ta shiga Farisanci, daga nan ta bazu cikin Urdu da Hindi da sauran harsunan Indiya, har da Tamil da Kannada. Hanyar shigarta ƙasar Telugu a bayyane take: sarakunan Kutub Shahi sun mulki daular Golkonda, wadda ke ƙasar Telugu, daga 1518 zuwa 1687, sannan gidan sarautar Nizam ya riƙe Haidarabad daga 1724 zuwa 1948, kuma Farisanci, daga baya Urdu, su ne harsunan fada da kotu da haraji. Kalmomin aro irin wannan sun yi yawan da Charles Philip Brown, jami'in mulkin Ingila da ya wallafa ƙamusun Telugu da Ingilishi a 1852, ya ware musu wani ƙamus na daban a 1854.

Bahaushe ma ba baƙon saiwar Larabcin da ta haifi wannan kalma ba ne. Daga gare ta "halwa" ta fito, wato keɓewar malami a wurin da babu kowa, kuma baƙin Larabcin da ya zama "kh" a can shi ne ya zama "h" a bakinmu, kamar yadda ya faru a Alhamis da hamsin. A Sudan "khalwa" ake kiran makarantar allo, babbar hamadar kudancin yankin Larabawa kuma sunanta Rub'ul Khali, wato rubu'in da ba kowa.

Akwai wasu kalmomin Telugu masu kusancin ma'ana?

Akwai, kuma kowacce da wurinta. "Shunyam", wadda ta fito daga Sanskirit, tsohon harshen adabi na Indiya, ta littafi ce da falsafa, ana fassara ta da "void" ko "nothingness", ba a kuma kiran fankon ashana da ita. 'Yar'uwarta "sunna" ita ce sifiri a lissafi. Kalmar "shunya" ɗin nan ce Larabawa suka fassara da "sifr" lokacin da suka karɓi alƙaluman Indiya, daga ita Turawa suka samu "zero" da "cipher", mu kuma muka samu sifiri. "Vatti" tana nufin tsurar abu ba haɗi, Ingilishi ya ce "mere" ko "bare": "vatti chetulu" hannu rabbana ke nan, "vatti matalu" kuma fatar baki. "Dolla" kuwa abu ne mai rami a ciki, kamar kututturen da gara ta cinye, wato "hollow".

Yaya ake furta "khali" daidai?

Baƙin farko "k" ne da iska ke biye da shi, ba ya gurzar maƙogwaro irin na Larabci, kuma da yawa a hirar yau da kullum sukan sauke iskar su ce "kali". Baƙi na biyu shi ne mai wuya ga baƙo: Telugu na da "l" iri biyu, kuma na wannan kalma ana yin sa ne da naɗe kan harshe baya ya taɓa ganɗa, duk da cewa Larabci da Farisanci da suka ba da aronta ba su da wannan sauti.