Batir ya mutu: yadda ake jona wuta daga wata mota ba a ƙone komi ba

A Maradi batirin mota bai cika daɗewa ba, zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 shi ke cin shi a hankali yana busar da ruwan ciki, sai hunturu ya shigo wata safiya ka murɗa makulli ka ji shiru. Ga tambayoyin da masu mota suka fi yi in abin ya same su.

Na murɗa makulli ta yi tak-tak-tak ta ƙi tashi, batir ne?

Galibi shi ne. Kunna fitilun gaba ka duba, in sun yi ja-ja, oda ma ta yi sanyi, wutar tablo na dushewa duk sanda ka murɗa, to wuta ce ta yi ƙasa. Amma kafin ka tsayar da kowa ɗaga kapo ka girgiza kawunan batirin da hannu, sau da yawa sako-sako ne kawai suka yi saboda gargadar hanya, ko farin garin nan ya taru a kansu, ka wanke da ruwan zafi ka ɗaure sai ta tashi. In kuwa fitilu na haske rangaɗau kuma inji na juyawa da ƙarfi ya ƙi kamawa, malam ba batir ba ne, duba esansi ko ka kira makaniki, jona wuta ba za ta yi maka komi ba.

Kowace mota za ta iya ba ni wuta?

A'a. Ƙananan motoci, su Corolla, Starlet, Hiace da galibin Hilux, volt 12 suke. Manyan motocin kaya da ke bin hanyar Damagaram ko Dan Isa yawanci volt 24 ne, batir biyu aka haɗa, in ka ɗauko 24 ka zuba wa mota mai 12 to fitilu da kwamfutar mota ne za su biya kuɗin. Batirin kabu-kabu shi ma 12 ne amma ya yi ƙanƙanta, dimarer na mota, wato abin da ke juya inji ya tashi, yana jan ampiya ɗaruruwa a lokacin tashi. Saboda wannan jan ne ma nake cewa a bar wayar wutar gida da wasu ke murɗawa su riƙe da hannu, siririya ce, zafi za ta yi ta narke a hannunka. Kabul mai kauri mai baki huɗu, ja da baƙi, ya kamata ya zauna a bayan kowace mota.

Sannan ka dubi mataccen batirin kansa. In ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kar ka jona shi ko da wa ya ce ma ba komi. Wannan na canji ne.

To yaya ake jonawa, wanne ne farko?

A matso da motocin kusa amma kar jikinsu ya taɓa juna, a ja burkin hannu, a fidda bitas, mai otomatik a sa ta a P, a kashe duka biyun har da rediyo da klim da fitilu. Cire zobe da agogon ƙarfe, mai babbar riga ya tattare ta don bel da fanka ba su san alhaji ba. Nemo alamar + da − a jikin batirin da idonka, kar ka dogara da launin waya don motocin da suka sha hannun masu gyara za ka tarar an sa kowace irin waya.

1. Jan baki a kan + na mataccen batir.
2. Ɗayan jan bakin a kan + na batir mai rai.
3. Baƙin baki a kan − na batir mai rai.
4. Baƙin baki na ƙarshe a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, inda ba fenti ba mai, nesa da batir da tiyon esansi.

Duk tsawon aikin kar bakunan su haɗu da juna, kar kuma jan ya taɓa jikin mota.

Mi ya sa na ƙarshen ba a kan batir ba? A garaji kullum kan batir muke ganin ana sawa

Gaskiya ne ana yi kuma yawanci ana sha, shi ya sa mutane ke ganin surutu ne kawai. Abin da ke faruwa shi ne batir irin na ruwa yana fidda iskar haidirojin, musamman in ana caja shi ko ya yi zafi, ba ta da launi ba ta da wari kuma ɗan tartsatsi ya ishe ta kamawa. Bakin da aka maƙala a ƙarshe shi ke rufe zagayen wuta, a nan tartsatsin ke fita. To in ka sa shi kan batir ka kai wuta daidai inda iskar take, kuma kai ne ka sunkuya fuskarka a wurin. Batir in ya fashe ba ƙara kaɗai ba ce, ruwan cikinsa asid ne mai cin fata da tufafi, ido kuwa ba a magana. Jikin injin dama a haɗe yake da − na batir, abin da makanikai ke ce ma mas, don haka wutar za ta isa inda ake so ba ka rasa komi ba, taku ɗaya ne kawai ka ƙara. Taba sigari ma a yi nesa da ita, kar kuma a haska da ashana ko birke da dare, fitilar waya ta isa.

Na jona, sai mi?

Ta da mai ran, a bar ta tana aiki kamar minti 5 mataccen ya ɗan sha. Sannan ka murɗa taka, kar ka wuce sakan 10, in ta ƙi ka huta minti ɗaya ka gyara zaman bakunan ka sake. In an yi ƴan gwaji ta ƙi a haƙura, nacin murɗawa dimarer zai ƙone. In ta tashi a cire daga ƙarshe a komo farko: baƙin jikin inji, baƙin mai rai, jan mai rai, sai jan taka. Kar ka kashe ta nan take, yi tafiya ta aƙalla minti 30, zuwa Tibiri da dawowa ya fi tsayuwa ƙofar gida tana ɗan gurnani.

Ba kabul, in aro batir in ta da ita, in cire tana aiki in maida nawa?

Wannan dabarar ta tasha ce kuma ni ba na son ta ko kaɗan. Zamanin Peugeot 504 ana yi a wuce lafiya saboda babu abin ƙonewa sosai a ciki. Motocin yanzu, har tsofaffin da aka shigo da su daga Kwatano, kwamfuta ke sarrafa injinsu, kuma batir shi ke daidaita wutar da dinamo, wato abin da ke caja batir in inji na aiki, ke turowa, da ka fizge shi inji na aiki wutar na iya yin tsalle ta kashe dinamon ko kwamfutar, wadda kuɗinta ya ninka na sabon batir. Haka ma masu cire kan batir wai su gwada ko dinamo na caji, a daina. In dole ne ka ɗora na aron ka tafi da shi har wurin mai caji, ka dawo masa da abinsa.

Tura motar fa?

Mai bitas na hannu ana yi: buɗe kontak, taka ambarayaj, sa bitas na 2, in yara sun tura ta yi gudu ka saki. Sai dai in batir ya mutu murus famfon esansi ba zai samu wuta ba, a banza za a yi gumi. Otomatik kuwa ba a tura ta, kar ma a fara.

In asid ya fantsamo wa mutum?

Ruwa mai yawa nan take, a yi ta kwarara aƙalla minti 15, ido a buɗe shi a wanke, a cire rigar da ta jiƙe a tafi asibiti. Ba a shafa mai ko man goge baki.

Ta tashi jiya, yau kuma ta sake mutuwa

Kai ta wurin mai gyaran wutar mota ya sa mita. Cikakken batir, inji a kashe, yana nuna kusan volt 12.6, in inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, to dinamo ne ko bel ya saki, sabon batir ma haka zai mutu. In ya hau daidai amma safiya ta yi ba wuta, ko batirin ya gama ko wani abu na shan wuta da dare, irin rediyo ko fitilar da aka jona kai tsaye. Mai murfi a duba ruwansa lokacin zafi, in ya ragu ruwan batir da ake ce ma distile ake ƙarawa, ba na rijiya ko na famfo ba, ba kuma asid ba.