Jan lemur da itacen gaɓar teku: yadda doka ta raba su a Madagaska

A dajin Masoala, arewa maso gabashin Madagaska, akwai jan lemur, wata dabba dangin biri mai baƙar fuska da doguwar baƙar wutsiya. Masana na kiransa Varecia rubra, kuma ba a samunsa ko'ina sai wannan yankin. A gaɓar gabashin tsibirin kuma akwai Dalbergia maritima, itace mai jan ciki da ake sassaƙa kayan ɗaki masu tsada da shi. A wurin masana tsirrai dangin wake da gyaɗa ne, kamar madobiyarmu.

Mutane kan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya mai jera dabbobi da tsirrai gwargwadon haɗarin ƙarewarsu, awo ne kawai: ya sa lemur ɗin a matakin gab da ƙarewa, itacen kuma a matakin da ke ƙasa da shi. Ba a kai kowa kotu da wannan jerin. Mai ƙarfin doka ita ce CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa, da aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975.

A CITES, duk lemur suna Rukuni na Ɗaya, wato haramun ne a yi cinikinsu tsakanin ƙasashe. Itatuwan Dalbergia na Madagaska kuwa sai 2013 suka shiga Rukuni na Biyu, inda ake yarda da ciniki idan ƙasar ta ba da takardar izini, hukumar kimiyyarta kuma ta tabbatar fitarwar ba za ta cutar da irin ba. Madagaska dai tun 2010 ta hana sara da fitar da wannan katako.

Nan ne abin yake damuna. Bayan rikicin siyasar 2009 masu sara suka cika Masoala, suna jan gungume zuwa rafi, suna farautar lemur don miya. Wanda ya harbe lemur ya ci a daji bai tsallaka iyaka ba, don haka CITES ba ta ganinsa. Wannan aikin dokar cikin gida ne. Katakon kuwa yana fita. A 2014 an kama gungume kusan 30,000 daga Madagaska a Singafo.

Mu ma hukuncin ya taɓa mu: madobiya ta shiga Rukuni na Biyu a farkon 2017, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, bayan an yi ta kwasarta daga dazuzzukan Taraba zuwa Sin.