Mece ce “piragiya”, kuma me ya sa ake ta kai ruwa rana a kanta a Kumasi?

Baƙon da ya taso daga Kano ko Damagaram ya sauka a Kumasi, in ya tsaya bakin titi a unguwar Aboabo ya ce a tsayar masa da adaidaita sahu, sai dai a bi shi da kallo. Abin da yake nema yana gabansa, kafin ya rufe baki guda goma sun wuce, amma a nan ba sunansa ke nan ba. A jaridun Ghana za ka ga an rubuta Pragya ko Pragia, mu kuwa a bakinmu piragiya ce. Ko in ce piragiya ne, tunda Hausar zango ba ta cika damuwa da raba mace da namiji ba. “Piragiya ya zo” ake cewa, kuma ba wanda zai gyara maka.

Piragiya dai babur ne mai ƙafa uku da rumfa, ba shi da ƙofa, injinsa na baya, direba kuma kan babur yake riƙewa ba sitiyari ba. Kujerar baya ta mutum uku ce. Na huɗun da ake matsawa kusa da direba, wani lokaci har da na biyar, wannan ƙarin namu ne, ba na maƙera ba. Yawancinsu daga Indiya ake kawo su, ƙirar Bajaj ko TVS. Faɗinta bai kai mita ɗaya da rabi ba. A riƙe wannan, domin rabin rigimar daga nan ta samo asali: abin da ya fi mota siranta yana ganin ko'ina hanya ce.

Sunan kuwa na mace ne. Akwai wani dogon wasan kwaikwayo na Indiya, Kumkum Bhagya, wanda tashar Adom TV ta riƙa nunawa da fassarar harshen Twi, ya kama gari har ya zama abin hira a kasuwa da cikin mota. Sunan jarumar Pragya. A daidai waɗannan shekaru ne baburan suka fara cika titunan Kumasi, kuma irinsu ne mutane ke gani suna kai-komo a titunan Indiya cikin akwatin talabijin. Abin da aka fi faɗa ke nan game da asalin sunan, kuma ya yi daidai da ɗabi'ar mutanen yankin nan, waɗanda ba sa barin abin hawa da sunan da kamfani ya ba shi. Trotro, ƙaramar bas ɗin haya, daga kalmar harshen Ga ta “tro” ya fito, wato kwabo uku, kuɗin mota na da. Okada, wato acaɓa, sunan wani kamfanin jirgin sama ne na Najeriya, wanda shi ma sunan wani gari ne a jihar Edo. A Tamale wannan babur ɗin “yalo-yalo” ake ce masa saboda launinsa, a wasu garuruwan arewa kuma “Mahama Can Do”, don a mulkin John Mahama na farko ya yaɗu. A Kano, A Daidaita Sahu sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo baburan a 2005 don ɗaukar mata, sai abin hawan ya gaji sunan.

Kada a haɗa ta da aboboya. Ita ma ƙafa uku gare ta, amma bodi ne a bayanta, na kaya: buhunan masara, siminti, ledojin ruwa, shara. Ita ce ta raba 'yan turin kura da yawa da aikinsu, kuma ita ce ministan yankin Accra na wancan lokaci, Henry Quartey, ya hana hawa babbar hanyar Accra zuwa Tema a 2021. Piragiya ta mutane ce, ko da yake Hajiyar da ta yiwo cefane a babbar kasuwa za ta cika ta da doya da borɗe, wato ayabar dafawa, har ta rasa wurin sa ƙafa.

To me ya sa ta karɓu haka da sauri? Dubi yadda aka shimfiɗa Kumasi. Manyan hanyoyinta kamar wayoyin ƙafar keke suke, duk sun nufi cibiya ɗaya, wato Kejetia da Adum, inda babbar kasuwa da shaguna suke: hanyar Accra, ta Tafo zuwa Mampong, ta Suame zuwa Techiman, ta Sunyani, ta Bekwai. Trotro waɗannan hanyoyin yake bi, kuma a tasha ba ya tashi sai ya cika. Wanda zai je Kejetia bai da matsala sai ta jira. Amma wanda zai ratsa daga unguwa zuwa unguwa, daga Sawaba zuwa Akwatia Line, ko daga cikin lungun Aboabo zuwa Asawase, a da sai ya taka da ƙafa ko ya ɗauki shatar tasi. Wannan giɓin piragiya ta cike. Tana shiga layin da mota ba ta iya juyawa a ciki, tana tashi da mutum biyu ba ta jira, tana sauke tsohuwa a ƙofar gida. Duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare daga cikin zango ba zai yarda a zage ta a gabansa ba.

Ɗaya ɓangaren kuma na ci da sha ne. Mafi yawan direbobin ba su ne masu baburan ba. Wani yana biyan mai shi kuɗin ciniki kullum, abin da ake kira “sels”, sai ya cire wannan da kuɗin mai sannan ragowar ta zama tasa. Wani kuma “wok-an-pe” yake yi, yana aiki yana biya kowane mako har ya gama, babur ya zama nasa, a kan kuɗin da ya haura farashin kanti. Duka biyun abu ɗaya suke haifarwa, wato gaggawa. Yaron da ya san ko ya samu ko bai samu ba dole ya kai wa masta kuɗinsa da yamma, ba zai ga hannu a ɗage ya wuce don wurin bai dace da tsayawa ba. Idan ka ji ana cewa 'yan piragiya ba su da hankali, ka tuna da wannan lissafin. Ba wanke su nake yi ba. Akwai waɗanda ba su taɓa shiga ofishin DVLA, hukumar lasisin tuƙi, neman lasisi ba, akwai yara ƙanana da bai kamata a ba su babur ba, kuma abu mai ƙafa uku in aka sha kwana da shi da gudu kifewa yake yi. Amma gaggawar tana da uwa.

Sai maganar doka, inda abin ya ɗaure kai. Dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, a sashe na 128 ta hana amfani da babur mai ƙafa biyu ko uku wajen ɗaukar fasinja don kuɗi. Kai saƙo da kaya kawai ta yarda da shi. Har fasinjan da ya hau ya biya, shi ma ta sa shi cikin laifi. Ke nan shekara da shekaru ana shigo da baburan ta tashar ruwa ta Tema, ana biyan kwastan, ana sayar da su a fili, ana ba su lamba, ɗan sanda ma yana hawa in ya tashi aiki, amma sana'ar a takarda ta kasance haramtacciya. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Abin da doka ba ta san da shi ba, ba a ware masa tasha, ba a ƙayyade masa hanya, ba a tsara masa horo. Sai dai a kama a sake. Shi ya sa maganar ta shiga siyasa: Mahama ya yi alƙawarin halatta okada a zaɓen 2020, ya maimaita a na 2024, kuma bayan ya koma mulki a Janairun 2025 gwamnatinsa ta ɗauki aikin gyara dokar. A unguwanni irin namu, inda gida da wuya ka rasa matashin da ke ci da babur, wannan alƙawari ya yi nauyi a akwatin ƙuri'a.

Rigimar da aka fi tunawa ita ce ta 2023, lokacin da hukumar birni, KMA, ƙarƙashin Samuel Pyne, ta hana piragiya shiga tsakiyar kasuwanci, wato Adum da Kejetia da kewayensu. Hujjar hukuma ita ce cunkoso. Aka fara kama babura, direbobi suka fito suka tare hanya, aka yi arangama da jami'an tsaro. Direbobin trotro da tasi, waɗanda ke da ƙungiyarsu ta GPRTU da tashoshinsu, ba su yi baƙin ciki ba, don dama suna ganin an shigar musu gona. 'Yan piragiya kuwa tambayarsu ɗaya ce: in cunkoso ne, mu kaɗai ne a kan titin?

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Kumasin da muke kira gari ɗaya, a wajen mulki ba ɗaya ba ce. A 2012 aka yanke Asokore Mampong daga KMA, kuma a ƙarƙashinta Aboabo da Asawase da Sawaba suke. A 2018 aka sake yanke Suame, Old Tafo, Oforikrom, Asokwa da Kwadaso. Umarnin KMA a iyakarta yake tsayawa. Don haka hana piragiya shiga Adum bai rage ko guda ɗaya ba, ya dai tura su baya zuwa bakin iyakar da aka shata, su yi cincirindo a can suna sauke mutane su ƙarasa da ƙafa. Kuma su wa ke zaune a bakin tsakiyar gari ta wannan ɓangaren? Mu ne, mutanen Alabar da tsofaffin zanguna, waɗanda kakanninmu fatake suka sauka kusa da kasuwa don cinikin goro da shanu. An share falo an tara sharar a zaure. Kano ma ta ga irin wannan: da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, buƙatar ba ta mutu ba, adaidaita sahu ce ta ninka.

A ganina, abin da ake faɗa a kai ba babur ɗin ba ne, bakin titi ne. Wannan 'yar siririyar tazarar da ke tsakanin kwalta da kwata, kowa nata yake nema. Mai waake, wato shinkafa da wake, ta kafa teburinta a nan. Mai shago ya fito da kayansa nan. Alhaji da ya sayi mota, gidan gado kuma ba gareji, tun da an gina shi lokacin da ba a san za a yi mota a gidan ba, a nan motarsa take kwana, wani lokaci ta wuni. Makaniki ya ajiye wadda ta mutu tun bara. Ranar Juma'a sahu ya fito har waje, ranar Asabar da Lahadi masu aure da suna da makoki su kafa rumfa su rufe layi ɗungurungum. Trotro ya tsaya lodi. Sannan piragiya ta zo ta ce ita ma a nan za ta ɗauka ta sauke. Ita ce ta zo ƙarshe, ita ce ta fi yawa, ita ce ba ta da ubangida, don haka ita ake nuna wa yatsa. Motar Alhaji da ta cinye wurin piragiya biyu tun safe ba wanda ya ce mata kanzil, don gobe da asuba a sahu ɗaya za a tsaya da shi. Iyaka dai a ce, “Baba Alhaji, a ɗan gyara mana,” shi kuma ya ce, “To, yarona, yanzu,” maganar ta mutu.

Wanda aka manta da shi sam a wannan gardama shi ne mai keke. A Tamale akwai manyan titunan da aka bar wa keke hanyarsa a gefe, shi ya sa za ka ga ɗalibai da mata da tsofaffi suna tuƙawa hankali kwance. Kumasi tudu da gangare ce, kuma ba a yi wa keke wannan gata ba, amma duk da haka zango bai rasa masu keke ba: malamin makarantar allo, mai gyaran takalmi, ɗan aike, yaron da ke koyon aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai. Hanyarsu ita ce wannan bakin titin da kowa ya mamaye. Ni kaina na daina hawa nawa zuwa kasuwa tun ranar da wani ɗan piragiya ya ga fasinja ya yanko gabana ya ja birki, na ƙare da ƙafa ɗaya cikin kwata. Ya ba ni haƙuri, na haƙura. Amma da na duba, ba inda zai tsaya in ba nan ba, don gabansa mota ce a fake, bayansa teburin mai kosai. Kowane mai keke da ya ajiye kekensa saboda tsoro, gobe fasinjan piragiya ne, titi ya ƙara cika.

Halatta sana'ar zai kawo lasisi da inshora da ƙungiya mai rajista, kuma ina goyon baya. Sai dai takarda ba ta ƙara wa titi faɗi. Tambayoyin da za su taso a gaban sarakunan zango da 'yan majalisar unguwa ƙanana ne masu zafi: a wace kwana za a yi tashar piragiya, babura nawa za ta ɗauka, teburin wa za a ɗaga, motar wa za ta daina kwana a waje, kuma wa zai biya kuɗin wurin da za ta koma. Filin da za a yi hakan a tsohuwar unguwa kusan babu, wanda ya rage kuma yana da masu shi. Sannan layin da ya fara a ƙasar Asokore Mampong ya ƙare a ta KMA, sai hukumomin biyu sun zauna sun yarda kafin a ja ko fenti ɗaya a kansa.